Hukunci da Alheri: Tarihin Wata Koyarwa ta Kirista a Bakin Hausawa

Gabatarwa

Ƙasar Tsanyawa tana kan hanyar Katsina ne daga Kano, gaba da Bichi, cikin yankin nan da gona take haɗe da gona, inda ake noman gero da dawa da gyaɗa da wake, ba a barin fili ya huta saboda yawan jama'a. Galibin mutanen wannan yanki Musulmi ne tun da daɗewa. Amma a ƙauyukan arewa da yammacin Kano, kamar yadda yake a kudancin Katsina da arewacin Zazzau, akwai gidajen Maguzawa na asali waɗanda wasu daga cikin 'ya'yansu da jikokinsu suka zama Kirista. Da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa, da ita kuma ake yi musu wa'azi.

Ginshiƙin wannan wa'azi magana biyu ne. Ta farko ita ce Allah mai hukunta zunubi ne, ba ya kau da kai daga gare shi. Ta biyu ita ce alherinsa ya fi zunubin zurfi. Abin da za a bincika a nan shi ne yadda wannan koyarwa ta shigo harshen Hausa, da kalmomin da ta tarar, da irin mutanen da suka fara saurarenta. Za a ga cewa rabin farko bai sha wuya ba, domin ya tarar da gida a share. Rabi na biyu shi ne ya zo da baƙon abu, ya ɗora wa kalmar alheri nauyin da ba ta saba ɗauka ba.

Asalin koyarwar

A wurin Kirista zunubi ya wuce aikin da mutum ya aikata ranar kaza. Wani hali ne da ɗan Adam ya gada tun daga saɓon Adamu, wanda ya sa ko ayyukansa na kirki ba su isa su wanke shi gaban Mahalicci ba. Wasiƙar da Bulus ya rubuta wa Romawa ta fara ne da jera laifin al'ummai, da na Yahudawa, har ta rufe bakin kowa, sa'an nan ta kawo maganar kuɓuta a matsayin kyauta. Kirista sun gaskata cewa hukuncin da ya cancanci mai zunubi ya faɗa kan Yesu Almasihu a bisa gicciye, saboda haka Allah ya yafe ba tare da ya tauye adalcinsa ba.

Malamin da ya fi kowa tsara wannan magana ɗan Afirka ne, watau Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga shekarar 354 zuwa 430. Ya yi jayayya da wani mai suna Pelajiyus, wanda yake ganin mutum yana da ikon bin umurnin Allah da ƙoƙarin kansa. Taron malaman ikilisiya da aka yi a Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin. Bayan fiye da shekara dubu, Martin Luta ya sake ta da maganar a Jamus a 1517, sa'ad da ya ga ana sayar wa talakawa takardun sassaucin azabar zunubi. Turawan Mishan da suka fara aiki a ƙasar Hausa, na ƙungiyar C.M.S. da na S.I.M., magadan wannan ra'ayi ne na Luta, watau cewa ba a sayen ceto, ba a kuma biyansa da aiki.

Abin da ta tarar a ƙasar Hausa

Maganar hukunci ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Malaman jihadi na ƙarni na 19, tun daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi har zuwa 'yarsa Nana Asma'u, sun cika ƙasa da waƙoƙin wa'azi masu bayanin mutuwa da kwanciyar kabari da tashin ƙiyama da hisabi da mizani da siraɗi. Makafi masu bara da matan kulle da almajirai sun haddace su, har wanda bai taɓa buɗe littafi ba ya san akwai ranar da za a auna aikin kowa. Maganar rahama ma haka take, tun da yake Musulmi yana buɗe kowane aiki da ambaton Allah Mai rahama Mai jinƙai, kuma malamai suna koyar da cewa ba wanda zai shiga Aljanna sai da rahamar Ubangiji. Inda addinan biyu suka rabu a fili yake. Musulunci ya koyar da cewa Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubansa, ba wanda yake gadon zunubin wani ko ya ɗauki nauyin wani, kuma ba a gicciye Annabi Isa ba.

Su kuwa Maguzawa nasu tsarin dabam ne. Baturen Amurka Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya kuma buga littafinsa a 1946, ya nuna cewa sun yarda da Allah a matsayin Mahalicci, amma harkarsu ta yau da kullum da iskoki take. Idan ciwo ya shigo gida, ko gona ta ƙi, sai a nemi iskar da aka ɓata wa rai, a yanka mata kaza ko akuya mai launin da take so. Laifi a wannan tsari abu ne da ake biya nan duniya, kuma da zarar an zub da jini an sallami mai bin bashi. Wannan ya sa maganar hadaya ba ta yi wa Bamaguje wuyar fahimta ba. Abin da ya zame masa sabo shi ne a ce wanda aka yi wa laifin shi ne da kansa ya kawo abin yankan.

Neman kalmomi

Aikin fassara ya fara ne tun kafin wani ɗan Mishan ya taka ƙasar Hausa. J. F. Schön, Bajamushe mai yi wa C.M.S. aiki, ya shiga ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara tattara kalmomin Hausa. Babban mai taimakonsa daga baya shi ne Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, sa'an nan Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Da taimakon irin su Dorugu aka buga Linjilar Matiyu a 1857, aka kuma kammala Sabon Alkawari a 1880. Ya kamata a lura da wannan, cewa bakin da aka fara ɗaukar Hausar Littafi Mai Tsarki daga gare shi bakin 'yantaccen bawa ne.

A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da ƙaramin ayari, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka daɗe ana hana 'yan Mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, aka mai da tashar Wusasa a 1929. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa, watau mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda fifikon da yake ba Annabi Isa a karatunsa. An kafa musu gari a Gimi, amma ciwon barci ya halaka da yawa daga cikinsu. Miller da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, su ne suka kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An sake wata fassarar mai sauƙin Hausa a ƙarshen shekarun 1970.

Idan aka duba kalmomin da masu fassara suka yi aiki da su, za a ga yawancinsu Musulunci ne ya kawo su daga Larabci. Zunubi da hukunci da shari'a da tuba da gafara da lahira duk haka suke, har da sunan Allah da kansa, wanda Kiristan Hausa ba su da wani suna da suke kiran Mahalicci da shi da ya wuce shi. Kalmomin nan sun zo da ma'anarsu a cike, mai wa'azi bai bukaci dogon bayani ba. Akwai kuma kalmar fansa, wadda kowa ya san ta daga harkar bauta. Bawa yakan yi murgu, ya riƙa biyan ubangidansa yana tara abin fansar kansa, ko kuwa dangi su zo su fanshe shi. Tun da yake sai a 1936 aka soke bauta ƙwata-ƙwata a dokar Nijeriya ta Arewa, mutanen da suka fara karanta fassarar 1932 sun san fansa da idonsu. Sun san bambancin wanda ya fanshi kansa da guminsa da wanda wani ya biya dominsa.

Nauyin kalmar alheri

Kalmar da ta fi ba da wuya ita ce wadda za ta ɗauki ma'anar kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba. Akwai rahama da jinƙai da ni'ima da falala, amma aka zaɓi alheri, wadda ita ma daga Larabci take, inda take nufin kowane abu mai kyau. A bakin Bahaushe alheri shi ne kyautatawa, ko kyautar da babba ya yi wa ƙarami. Karin magana ya nuna yadda ake kallonsa. Ana cewa alheri gadon barci ne, ana kuma cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ma'anar duka biyun ita ce mai yin alheri ajiya yake yi, za ta dawo masa. Haka zaman karkara yake tafiya. Wanda aka yi wa gayya bana shi zai je ta wani baɗi, matar da aka kawo wa gudummawar biki tana riƙe da lissafi don ta mayar da abin da ya fi, bara kuma yana biyan alherin ubangidansa da biyayya. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya lissafa karamci cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Wanda aka yi wa alheri ya kasa ramawa yana jin kunya, wanda ya ƙi ramawa kuwa butulu ne.

Koyarwar Kirista ta ɗauki wannan kalma ta ce akwai alherin da ba a ramawa, wanda kuma aka yi wa butulu tun yana cikin butulcinsa. Misalai biyu na Linjila za su nuna yadda wannan yake sauka a kunnen manomi irin na Tsanyawa. Na farko yana cikin Luka, sura ta 15, labarin ɗan da ya nemi rabonsa na gado mahaifinsa yana da rai. A ƙasar da gandu yake shi ne ƙashin bayan gida, inda 'ya'ya suke noma tare da uba sai gayauna kaɗai take tasu, wannan roƙo daidai yake da yi wa uba fatan mutuwa. Yaron ya tafi ya lalatar da dukiyar, yunwa ta koro shi, ya dawo da niyyar a ɗauke shi ɗan ƙwadago. Uban ya hango shi ya sheƙa da gudu ya tarye shi, abin da dattijo mai jin kunyar idon jama'a ba zai yi ba, ya sa aka yi yanka. Wan yaron, wanda bai taɓa barin gandu ba, ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Duk manomin da ya ji labarin zai ce wan yana da gaskiya, kuma a nan ne koyarwar take so ta kama shi. Na biyu yana cikin Matiyu, sura ta 20, inda mai gona ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da asuba, ya ƙara wasu da rana, wasu kuma dab da faɗuwar rana, sa'an nan ya biya kowa lada ɗaya. Ba a tauye wa na asuba ko anini ba, amma suka yi gunaguni. A lissafin kasuwa wannan rashin tsari ne. Labarin yana nufin cewa ma'aunin Allah ya wuce lissafin lada.

Waɗanda suka fara saurare

Ƙofar da aka rufe wa wa'azi magani ne ya buɗe ta. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wajen 1937, hukumomin En'e suka damƙa wa S.I.M. kula da zangon kutare na Yadakunya kusa da Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Daga nan aka riƙa kafa ƙananan tashoshi da ɗakunan shan magani a karkara, da makarantar yara a Roni, da ta koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. A ƙasar Nijar ma haka aka yi, da asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja kusa da Maraɗi. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama E.C.W.A.

Ba a banza ba kutare da makafi suka zama cikin na farkon saurare. Ko da yake Hausawa ba su kori kuturu daga gari ba, har sarautar Sarkin Kutare akwai, duk da haka akwai camfin da yake cewa mai rantsuwar ƙarya shi yake kuturcewa. Mai ciwon yana yawo ne da tuhuma a jikinsa. A littafin da ake karanta musu akwai labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda ya warke daga kuturta bayan ya yi wanka a kogin Urdun. Ya kawo dukiya don ya biya, Annabi Elisha ya ƙi karɓar kome. Baransa Gehazi ya bi bayan baƙon a ɓoye ya karɓa, sai kuturtar ta koma kansa. Hukunci da alheri suna cikin labari guda, kuma hukuncin ya faɗa ne kan wanda ya sa wa alherin farashi. Haka nan a Yahaya, sura ta 9, almajirai sun tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa.

Tarihi bai bar 'yan Mishan ba tare da tambaya ba. Sun zo ne ƙarƙashin tutar masu mulki, da yawa daga cikinsu sun ɗauki al'adun mutane duka a matsayin duhu, sun kuma daɗe ba su ba baƙar fata ragamar ikilisiya ba. Malamai da sarakuna sun yi zargin cewa ana haɗa allura da wa'azi, majiyyaci kuwa ba shi da bakin musu. Zargin yana da nauyi ko a ma'aunin Kirista, gama alherin da aka sa wa sharaɗi ya zama cinikin Gehazi. Abin da ya tabbata shi ne yawancin waɗanda suka sha magani sun koma gida da addininsu, kuma yaɗuwar Kiristanci cikin Maguzawa ta fi ƙarfi ne bayan aikin ya koma hannun masu bishara Hausawa, waɗanda suke noma tare da mutane suna cin tuwo ɗaya da su. Bayan rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello daga 1963 zuwa 1965, da shigowar ilmin firamare na kowa da kowa a 1976, zaman Maguzanci ya yi wuya. Da yawa suka musulunta, wasu suka shiga ikilisiya. Ga waɗannan na biyun, alheri ya haɗa har da kuɓuta daga tsoron iskoki da yanke-yanken da ba su ƙarewa.

Haɗarin rabuwar biyun

Malaman Kirista sun daɗe suna gargaɗi cewa rabin koyarwar ya fi rashinta haɗari. Wa'azin da yake hukunci ne zalla yana haifar da tsoro da munafunci, kowa ya ɓoye nasa yana leƙen na maƙwabci. Wanda kuma yake alheri ne zalla yana mai da gafara abin wasa. Dietrich Bonhoeffer, malamin Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya rubuta littafi a 1937 yana sukar ikilisiyar ƙasarsa saboda tana raba gafara da araha, ba tuba ba gyara, alhali zalunci yana cin ƙasa. A ganinsa ba a sanin zurfin alheri sai an san girman bashin da aka yafe. John Newton, wanda ya yi shugabancin jirgin fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma kafin ya zama limamin coci a Ingila, shaida ne a kan haka, domin sai a 1788, shekaru da yawa bayan tubansa, ya fito fili ya la'anci cinikin da ya ci abinci da shi.

A Arewacin Nijeriya an gwada wannan koyarwa da wuta. Rikicin Kano na Oktoba 1991 da na Zangon Kataf na 1992 sun bar gawawwaki da marayu a ɓangarorin biyu. A rikicin 1992 Fasto James Wuye ya rasa hannunsa, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowannensu yana jagorantar matasan da suke gaba da juna. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Kowannensu daga littafinsa ya samo hujjar yafewa, ba kuwa wanda ya ce abin da aka yi masa ba laifi ba ne.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa Hausa ta zama harshen addinai biyu masu amfani da kalmomi ɗaya. Musulmin Tsanyawa da maƙwabcinsa Kirista duk suna cewa zunubi, suna cewa tuba da gafara, suna kuma yi wa juna fatan alheri, amma abin da kowa yake nufi bai zama ɗaya ba a kowane wuri. Ɗalibin harshe yana bukatar sanin wannan don kada ƙamus ya ruɗe shi. Ma'aikacin hukuma kuma, wanda takardar neman filin coci ko ƙarar gado tsakanin 'yan'uwa masu addini dabam-dabam za ta iya zuwa teburinsa, yana bukatar sanin cewa waɗannan mutane Hausawa ne 'yan ƙasa, masu tarihin da ya haura shekara ɗari. Abin da suka ƙara wa harshen shi ne ma'ana guda a kan tsohuwar kalma, watau alherin da ake yi wa wanda ba shi da abin ramawa, bayan an faɗi laifinsa ba a rage kome ba.